Takarda Ta Riga Dandamali Isowa: Fosta da Wasan Sosa Zuciya daga Drury Lane zuwa Kasuwar Makarfi

Fosta, wato faffaɗar takardar talla mai hoto da ake liƙawa a bango domin kiran jama'a zuwa kallon wasa, tana cikin abubuwan da manazarta wasan kwaikwayon Hausa ba su cika waiwaya ba, saboda an saba ɗaukar ta kamar ɓawon gyaɗa da ake zubarwa da zarar an kai ga ƙwaya, alhali sau da yawa ita kaɗai ke saura bayan 'yan wasa sun watse, an naɗe labule, zaren kaset ya tsinke. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne cewa fosta ta fi ba da shaida a kan mai kallo fiye da yadda take bayarwa a kan wasan kansa, domin mai wasa yakan zaɓi fage ɗaya tak daga cikin wasan sa'a biyu ko uku ya ɗora a takarda, kuma ba ya zaɓar sai wanda ya tabbata zai sa mutum ya zura hannu a aljihu. Idan aka bi sawun wannan zaɓi daga manyan gidajen wasa na Landan da New York na ƙarni na goma sha tara har zuwa garuruwan noma na arewacin Zazzau, irin su Ikara da Makarfi da Kudan, waɗanda hoton wasa ya iske su ba tare da ginannen gidan wasan daɓe ya biyo shi ba, za a ga abin da kowace al'umma ta ɗauka a matsayin babbar masifar da ke iya faɗa wa ɗan Adam.

Nau'in wasan da fosta ta girma tare da shi a Turai shi ne melodirama, kalmar da aka haɗa daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin kiɗa da wasa, wadda za a iya kira da Hausa wasan sosa zuciya. Ya kankama ne a Paris jim kaɗan bayan juyin juya halin Faransa, a hannun Guilbert de Pixérécourt, wanda wasansa mai suna Coelina na 1800 ya ƙetara zuwa Landan a 1802 bayan Thomas Holcroft ya sake masa riga. A Ingila doka ce ta taimaka masa, domin dokar 1737 ta keɓe wasan zallar magana ga gidajen da ke da izinin sarauta, wato Drury Lane da Covent Garden, sai ƙananan gidaje suka riƙa cusa kiɗa a cikin wasanninsu don su kauce wa hukunci, kuma kafin a soke wannan keɓewa a 1843 kiɗan ya riga ya zama jinin wasan. Siffofinsa ba su da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya ko na Hausa: nagari da mugu a rarrabe ba tare da ruɗani ba, yarinya marar gata da ake zalunta, asirin haihuwa ko takardar gado da ke ɓoye, kiɗan da ke gaya wa mai kallo lokacin da ya kamata gabansa ya faɗi, sai kuma ceto da ke zuwa ana dab da yanke ƙauna.

Daga tsakiyar ƙarni na goma sha tara ne masu gidajen wasa suka gane cewa labarin kaɗai ba ya cika kujeru, sai suka shiga gasar ƙirƙirar fage ɗaya mai razanarwa a kowane wasa, wanda za a yi ta zancensa a gari. A wasan Under the Gaslight na Augustin Daly, wanda aka fara nunawa a New York a 1867, mugu ya ɗaure wani tsohon soja mai hannu ɗaya a kan titin jirgin ƙasa, jarumar wasan ta fasa ƙofar ɗakin da aka kulle ta ta janye shi jirgi na dab da take shi. A 1899 aka ɗora labarin Ben-Hur a dandamali a birnin, aka yi tseren kekunan yaƙi da dawakai na gaske suna sukuwa a kan wani daɓe mai mirginawa a ƙarƙashin kofatansu, yayin da zanen filin tsere ke gudu ta baya domin ido ya ɗauka tafiya ake yi. Ƙololuwar wannan salo shi ne The Whip na Cecil Raleigh da Henry Hamilton, wanda aka buɗe a Drury Lane a 1909, inda maƙiya suka kwance taragon da ke ɗauke da dokin sukuwa a bakin ramin jirgi domin jirgin da ke tafe ya murƙushe shi, aka fitar da dokin da ƙyar, jirgin ya yi karo ya kife a gaban 'yan kallo yana fitar da tururi, sannan aka rufe wasan da sukuwar dawakai.

Irin wannan fage yana cin kuɗi mai yawa, don haka dole a sayar da shi tun kafin a gan shi, kuma fasahar da ta ba da damar hakan ɗan wasan kwaikwayo ne ya gano ta. Alois Senefelder, wani marubucin wasa a Munik ta ƙasar Jamus wanda ba shi da kuɗin buga rubuce-rubucensa, shi ne a 1796 ya fara aikin da ya haifi ɗab'in dutse, wato a yi zane da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, tawada ta kama inda maiƙo yake ta ƙi kama inda ruwa yake, sannan a danna takarda a kai. Kowane launi da dutsensa, kuma bayan Jules Chéret ya buɗe maɗaba'arsa a Paris a 1866 sai manyan hotuna masu launi suka yi arahar da za a iya lulluɓe bangon gari da su. A Amurka kamfanin Strobridge na Cincinnati ya shahara da buga wa gidajen wasa da 'yan wasan dabbobi fostoci, har da na tseren Ben-Hur, kuma ana haɗa falle-falle har ashirin da huɗu su ba da hoto guda. Abin lura a nan shi ne mai zane ba ya zana abin da ido zai gani daga kujera. Yakan ƙara wa wuta harshe, ya ƙara wa dawakai yawa, ya cire igiyoyi da katakan da ke riƙe da jirgin, ta yadda hoton ke zama alkawari wanda dandamali ke ƙoƙarin cikawa gwargwadon iko.

Idan aka jera fostocin wancan zamani za a tarar abin da ya fi yawa a cikinsu ƙarfe ne da wuta da ruwa: jirgin ƙasa, injin yankan katako, jirgin ruwa mai nutsewa, bene mai ci da wuta. Wannan ba abin mamaki ba ne ga mutanen da suka baro gonaki suka cika birane cikin tsara ɗaya ko biyu, suna aiki a gaban injinan da ke iya cire wa mutum hannu, suna karanta labarin haɗarin jirgi a jarida. Sun biya kuɗi ne su ga abin da suke tsoro an kawo shi gabansu an kuma kuɓutar da mutum daga bakinsa. Da silima ta zo tana iya ɗaukar jirgi na gaske a kan titi na gaske, sai wannan nau'in wasa ya mutu a dandamali cikin 'yan shekaru, ya bar wa silimar labaransa da salon tallarsa.

A ƙasar Hausa kuwa wasan kwaikwayo ya daɗe yana rayuwa ba tare da takardar talla ba, kuma dalilin ya wuce ƙarancin maɗaba'a ko ƙyamar da malamai ke yi wa zanen abu mai rai, ko da yake duka biyun sun yi tasiri. Tashe yana farawa ne idan azumi ya kai kwana goma, kuma babu yaron Hunƙuyi ko Paki da ke buƙatar a sanar da shi. Masu Macukule da Jatau Mai Magani su ne ke bin gida-gida, su yi wasa a zaure ko tsakar gida, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi bayan sun gama. Kalankuwa, wasan da samari da 'yan mata ke yi bayan an kawar da amfanin gona, inda ake naɗa gwamna da alƙali da ɗan sanda na wasa a kwaikwayi mulki, kaka ce ke kiran ta, kamar yadda aka daɗe ana yi a Bomo kusa da Samaru. 'Yan kama da 'yan gambara ranar kasuwa suke bi, dambe da kokawa kuwa kalangu da ganga da bakin maroƙi sun ishe su. A duk waɗannan wasa ne ke zuwa wurin mai kallo, kuma biya yana biyo bayan gani, gwargwadon jin daɗi da ƙarfin aljihu. Fosta 'yar tikiti ce: ba a buƙatar ta sai inda aka kewaye fili aka sa ƙofa, aka ce mutum ya biya kafin ya ga abin da ya saya, domin a nan ne kawai ake buƙatar wani abu da zai tsaya a matsayin jingina tsakanin mai wasa da mai kuɗi.

Majigi, wato silimar tafi-da-gidanka da gwamnatin mulkin mallaka da ta Jihar Arewa suka riƙa aikawa gundumomi a mota, bai sauya wannan tsari ba, saboda kyauta ake nuna shi a ƙofar gidan hakimi, sanarwarsa kuma tana bin hanyar da umarnin haraji ke bi, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa zuwa mai shela. Finafinai irin su Baban Larai, masu koyar da noman zamani, da baki aka tallata su. Inda aka fara ganin fostar wasan daɓe sosai a Arewa shi ne unguwannin Sabon Gari, wurin ƙungiyoyin Yarabawa masu yawo da wasa a babbar mota, kuma hukuma ba ta ɗauki takardar da wasa ba: a farkon shekarun 1950, lokacin da Hubert Ogunde ya kai wasansa Bread and Bullet Kano, wasan da ya taɓo harbin ma'aikatan kwal na Inugu na 1949, an hana shi nunawa, an kuma ci shi tara saboda liƙa fostoci ba da izini ba.

Abin da ya sa wannan yanki na Zazzau ya cancanci a tsaya a kansa shi ne cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka fara rubuta cikakken wasan sosa zuciya da Hausa sunan garin Makarfi yake ɗauke da shi. Shu'aibu Makarfi ya rubuta wasanninsa ne domin rediyo a Kaduna, daga baya aka buga su a Zariya: Zamanin Nan Namu a 1959, da Jatau Na Kyallu a 1960. Kafin shi, rubutaccen wasan Hausa ya fi karkata ga makaranta da wayar da kai, kamar wasanni shida da R. M. East ya tsara da kuma Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mai koyar da tsafta da amfanin ilimin zamani. Makarfi ya juya ga abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya a cikin gida da kasuwa. Jatau Na Kyallu labarin attajiri ne da ya rufe ido ya auri karuwa duk da gargaɗin masu gargaɗi, auren ya wargaza masa gida ya kuma cinye masa dukiya. Duk kayan haɗin melodirama suna nan, wato mutumin da aka faɗa wa gaskiya ya ƙi ji, da mayaudariya mai zaƙin baki, da bayin Allah da ke shan wahala ba da laifinsu ba, da faɗuwa daga arziki zuwa tsiya, da hukuncin da ke zuwa a ƙarshe ba tare da ya bar shakka a kan wanda ya yi daidai ba.

Abin da babu shi ne jirgin ƙasa, duk da cewa layin dogo ya ratsa ƙasar Zazzau zuwa Kano tun 1911, kuma marubucin ya san shi sarai. Fage mai razanarwa a wurin Makarfi magana ce: habaici tsakanin mata, gatse, daɗin bakin dillaliya, karin maganar da ake yanka wa mutum a gaban jama'a ya rasa inda zai sa kansa. Rediyo ta dace da wannan ƙwarai, tun da ba ta da abin nunawa sai murya, tallarta kuma ba ta wuce mai gabatarwa ya faɗi rana da lokaci ba, sauran aikin kuma masu sauraro su ƙarasa shi a bakin rijiya da majalisar dare. Da za a ce wani mai zane ya fitar wa Jatau Na Kyallu fosta a 1960, da ba shi da abin zanawa sai namiji cikin babbar riga a tsakiyar mata, kowace da irin kallon da take yi masa. Wannan hoton da ba a zana ba shi ne ainihin wanda ya cika bangon kasuwannin Arewa bayan shekara arba'in.

Akwai wani reshe da ya bi wata hanya dabam, wanda ya isa a ambata a taƙaice. Sashen wasan kwaikwayo da Michael Etherton ya jagoranci kafawa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, da gidan wasansa na ginin ƙasa wanda Steven Ehrlich ya tsara, ya fitar da ɗalibai zuwa ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo domin su gina wasa tare da manoma a kan taki da filaye da bashi. Da gangan wannan aiki ya guji ƙofa da tikiti, saboda haka bai bar fostoci masu yawa a ƙauye ba, kuma ya guji raba mutane gida biyu, nagari da mugu, tun da burinsa a yi muhawara ne bayan wasa.

Fosta mai launi ta shigo rayuwar Bahaushe ne ta wata doguwar hanya da ta bi ta Indiya, kuma hanyar ta fi kusa da Drury Lane fiye da yadda ake zato. Tun daga 1853 al'ummar Parsi na Bombay, 'yan kasuwa masu asali daga Farisa, suka kafa ƙungiyoyin wasa da suka ari dandamalin Ingilishi da labulensa mai zane da dabarunsa na ban mamaki, suka zuba masa tatsuniyoyin Farisa da na Hindu, suka cika shi da waƙa. Fim ɗin Indiya na farko mai magana, Alam Ara na Ardeshir Irani a 1931, daga wasan Parsi aka ɗauko shi, kuma masu zanen allunan silima na Bombay, waɗanda shahararren mai zane M. F. Husain ya fara sana'a a cikinsu, sun gaji salon fuska mai girma da launi mai ƙarfi. A Kano an buɗe silimar Rex a 1937, gobarar silimar El Duniya ta 1951 ta hallaka mutum 331 har wasu suka ɗauke ta a matsayin hukunci a kan abin da a da ake kira dodon bango, amma duk da haka gidajen suka ci gaba da ƙaruwa, kuma daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya, waɗanda suka mamaye dare mafi tsoka a Plaza da Orion da Marhaba da takwarorinsu na Sabon Garin Zariya.

Mai kallon da ba ya jin Indiyanci, ba ya kuma karanta rubutun da ke jikin takardar, fuska yake karantawa. Daga tsayuwar mutum da girman hotonsa yake gane wane ne jarumi wane ne bos, daga yawan matan da ke jikin fostar yake ƙiyasta yawan waƙoƙi da yawan kuka, kuma sunayen da Hausawa suka laƙaba wa 'yan wasan, Sarkin Ƙarfi ga Dharmendra, Mace ga Rishi Kapoor, Ɗan Daba Mai Lasin ga Sanjay Dutt, su ne suka maye gurbin rubutun. Ta wannan fuska hoton ya fi fim ɗin tafiya. Direban da ke ɗaukar rake da mazarƙwaila daga Makarfi, ko tumatir daga fadamun Ikara da Kudan, da ɗan cirani mai dawowa daga birni idan damina ta kusa, su ne suka kai hotunan jikin mota, shagon tela, shagon aski da rumfar mai shayi a Tashar Yari da garuruwan da ke cikin lungu, inda mutane da yawa, musamman matan aure da ke kulle, suka san fuskar jaruman tun kafin su taɓa ganin su suna motsi.

Bidiyo ne ya mayar da wannan takarda ta zama ginshiƙin sana'a. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda asalinta ƙungiyar wasan daɓe da talabijin ce, ta fitar da Turmin Danya a 1990, sai kasuwar finafinan Hausa ta ginu a kan wani tsari mai ban sha'awa: furodusa yakan buga kwalin kaset mai hoto a maɗaba'a, ya sayar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata kwalayen, ya ba su uwar kaset, su kuma su kwafa a kan kaset ɗin da suka saya da kuɗinsu su zura a kwali. Ma'ana, abin da mai fim ke sayarwa a zahiri a wancan lokacin takarda ce, kuma yawan kwalin da ya shige shi ne ma'aunin ribarsa. Kaset ba kwali kuwa kowa ya san na sata ne. Fostar bango ƙanwar kwalin ce, hoto ɗaya aka faɗaɗa, tana bin dila zuwa shagunan haya da gidajen kallo masu janareta, inda ake liƙa ta kusa da allon da aka rubuta da alli fim ɗin yau da kuɗin shiga. A nan ne ƙofa da tikiti suka iso ƙananan garuruwa a karon farko ta hanya mai ɗorewa, ba da ginin siminti da labule ba, da zana da benci da talabijin.

Tsarin hoton da ya kafu a zamanin Sangaya na 1999 da Wasila na 2000 da sauran finafinan da suka biyo su bai cika sauyawa ba. Fuskoki ne a jere bisa daraja, ta tauraro ta fi girma. Sau da yawa namiji ɗaya a tsakiya, mata biyu a gefe da gefe ba sa kallon juna, ko mace ɗaya tsakanin saurayi talaka da Alhaji. A wani lungu uwa ta yi tagumi ko uba ya nuna yatsa. A ƙasa ƙaramin hoton rawa da anko, wanda ke tabbatar wa mai saye cewa akwai waƙa. Wani lokaci boka da ƙahonsa. Sunan fim kalma ɗaya ko biyu, sai alamar kashi na ɗaya da na biyu. Bangon littattafan soyayya na kasuwar Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ya riga ya share wannan hanya da zanen hannu kafin kyamara da kwamfuta su karɓa. Inda fostar Landan ta ce wa mai wucewa ya zo ya ga yadda ƙarfe zai murƙushe mutum, ta Kano cewa take ya zo ya ga yadda za a raba shi da wanda yake so, ko a yi masa kishiya, ko a ci amanarsa a cikin ɗakinsa. Masifar da ake sayarwa a nan daga mutane take fitowa, kuma daga na kusa: auren dole, sharrin kishiya, uwar miji, amini maci amana, dukiyar da ke sauya hali.

Ana iya ƙalubalantar wannan fassara ta hanya biyu, kuma kowace tana da ƙamshin gaskiya. Ta farko ita ce talauci ne kawai, wato mai fim ɗin da ya haɗa jarinsa daga 'yan uwa ba shi da halin kifar da jirgi, don haka ya nuna abin da yake da shi. Amma masu zanen fostocin gidajen bidiyo na Gana, waɗanda suka yi aiki a kan buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990 cikin irin wannan rashi, sun cika hotunansu da jini da macizai da bindigogin da ko a fim ɗin babu su, domin fenti ba ya tsada. Da mai kallon Hausa wannan yake nema, da an zana masa. Ta biyu ita ce kwaikwayon Indiya ne tsagwaronsa, zargin da malamai da marubuta suka daɗe suna yi. Gaskiya ne an ari rawa da waƙa da jeren fuskoki, amma gidajen silima na Kano sun nuna finafinan kaboyi na Amurka da na faɗan Sin shekara da shekaru, samari sun so su, duk da haka ba su ne suka zama uwa ga fim ɗin Hausa ba. An zaɓi na Indiya ne saboda ya zo da abin da ake da shi a gida, kuma shaidar hakan ita ce Shu'aibu Makarfi ya rubuta faɗuwar Jatau da Hausar kasuwa tun finafinan Indiya ba su daɗe da sauka ba.

Wani abin da bangon waɗannan garuruwa ke nunawa shi ne yadda dokar wata jiha ke aiki a wata. Ikara da Makarfi da Kudan a Jihar Kaduna suke, kuma Kaduna tana da nata masu shirya fim, a can ma aka fara buga mujallar Fim a 1999, amma mafi yawan kaya daga Kano suke fitowa. Da aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a, sai sharuɗɗanta a kan sutura da cuɗanyar maza da mata suka bayyana a jikin hotunan da ake liƙawa a wuraren da ikonta bai kai ba, saboda babu furodusan da zai buga kwali iri biyu. Fosta ta fi fim ɗin fuskantar idon jama'a, tun da fim sai wanda ya shiga ya gani, ita kuwa liman da ɗalibi da mai tallar fura duk suna wucewa ta gabanta, kuma a bango ɗaya take zaune da hotunan shehunan ɗariƙa da kalandar 'yan ƙwallo da fuskokin 'yan takara, waɗanda kan rufe ta duk lokacin da zaɓe ya ƙarato.

Da faifan CD ya kori kaset, sannan 'yan dawunlodin masu tura fim a waya da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da YouTube suka kori faifan, sai kwali ya rasa aikinsa, fosta ta ƙanƙance ta koma hoton da bai wuce faɗin babban yatsa ba a fuskar waya, ko da yake jeren fuskokin bai sauya ba, allon gidan kallo kuma ya koma sanar da wasan ƙwallon Turai. Fostocin Drury Lane da na Strobridge suna ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan da ɗakin karatu na Majalisar Amurka, galibi an san shekarunsu. Na Hausa kuwa a kan takarda marar ƙwari aka buga su, rana ta kodar da su, gara ta ci, saura an naɗe tsire da su ko an toshe ɓular rumfa. Waɗanda suka tsira galibi ba sa ɗauke da shekara, saboda haka mai bincike sai ya dogara da wasu alamu wajen sanin zamaninsu: ko an ambaci kaset ko faifai, ko akwai shaidar hukumar tacewa, da kuma lambar wayar kamfanin da ke ƙasan takardar, domin wadda ta fara da 064, lambar wayar tangaraho ta Kano, galibi ta girmi wadda ta fara da 080, tun da wayar salula ba ta shiga hannun jama'a a Najeriya ba sai a 2001.